Yadda ake shiga rijiya, sokawe ko tanki a fito lafiya

Sana'ata gyaran famfo ce, da yasar rijiya da aikin sokawe da wankin tankunan ruwa, a nan Kano da ƙauyukan da ke kewaye. Duk yaron da iyayensa suka kawo mini koyon aiki, ba na barinsa ya taɓa guga sai ya san abin da zan faɗa a nan, ya kuma gwada shi da hannunsa na gani. Na rubuta ne domin abokan sana'a, da 'yan gidan-kowa-da-akwai masu kwasar masai da hannu, da masu walda da ake turawa cikin tankar mai, da magidantan da ke kiranmu aiki, don su ma suna da hannu a abin da ke faruwa a bakin rami.

Wurin da nake nufi shi ne duk inda mutum zai iya shiga ya yi aiki, amma ba don zaman mutum aka yi shi ba, ƙofarsa ƙarama ce, iska kuma ba ta zagayawa a ciki. Rijiya, sokawe, masai, tankin ruwa na ƙasa da na sama, tankar mai, tankin da ke binne a gidan mai, kwalbati mai murfi, rumbun ƙarfe na hatsi, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Zurfi ba sharaɗi ba ne. Sokawen da bai wuce tsayin mutum ba ya isa ya kashe ƙato. Kuma a wajena, wanda ya zura kansa ta bakin murfi don ya leƙa, ya riga ya shiga.

Abin da ke kayar da mutum a ciki

Idan mutum biyu ko uku suka mutu a rijiya ɗaya a jere, sai ka ji unguwa ta ɗauka cewa rijiyar tana da mutanen ɓoye. Ba na musu da kowa kan gaibu, amma duk ramin da na sa na'ura mai auna iska a ciki bayan irin wannan, abin da ke cikin iskarsa ya isa ya bayyana komai.

Na farko shi ne ƙarancin oksijin. A sarari, cikin kashi 100 na iskar da muke shaƙa kusan 21 oksijin ne, na'ura tana nuna 20.9. A cikin rami wannan adadi yana sauka ba tare da wani wari ko alama ba. Tsatsa tana cin oksijin, shi ya sa tankin ƙarfe da ya daɗe a rufe, ko ba a taɓa zuba masa komai ba sai ruwa, yana iya zama kabari. Ganye da shara da mushen da ke ruɓewa a ƙasan rijiya su ma suna cinye shi, su bar kabon dayoksaid, wadda ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ƙasa. Ƙa'idar da ake bi ita ce ba a shiga idan oksijin ya yi ƙasa da 19.5. Idan ya kai wajen 16 numfashi zai yi sauri, tunani ya fara rikicewa. Ƙasa da 10 suma ce. Ƙasa da 6, mutum ba ya cika minti ɗaya a tsaye. Abin da ya sa wannan ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ba ya jin ya shaƙe. Yana cikin magana zai yi shiru.

Na biyu gas ɗin masai, wanda a jikin na'ura aka rubuta H2S, haidurojin salfaid. Shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yana fitowa daga kashi da kwatami da duk abin da ya ruɓe inda babu iska. Ana auna shi da ppm, wato kashi nawa ne a cikin miliyan. Hanci yana jin warinsa tun bai kai ppm 1 ba, amma idan ya kai wajen 100 sai ya kashe jijiyar jin wari. Ka ji yaro daga ƙasa yana cewa, “Maigida, warin ya tafi,” to wannan ba albishir ba ne, a fito da shi nan take. Daga ppm 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da mutum. Ga kuma muguntarsa: yana maƙale a cikin laka da dagwalon da ke ƙasa. Za ka auna iska ka ga lafiya lau, da an sa shebur an motsa lakar sai ya taso gaba ɗaya.

Na uku hayaƙin inji, kabon monoksaid, CO a na'ura. Ba shi da wari, ba shi da launi, jini kuma yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Wannan mu muke kai shi da hannunmu. Rijiya ta yi zurfi, injin ban ruwa mai amfani da fetur ba ya iya janyo ruwan daga sama, sai a ɗaure shi a zura shi ciki, ya yi ta aiki, hayaƙinsa ya cika rijiyar. Injin ya mutu, a ce wani ya sauka ya duba. Injin da ya mutu da kansa a cikin rijiya, sau da yawa oksijin ne ya ƙare masa. Inji mai fetur ko dizal ba ya shiga rami a wurin aikina. Ana sa sumo, wato injin ban ruwa mai lantarki da ke nutsewa cikin ruwa, a ƙasa, janareta ya tsaya can nesa, hayaƙinsa yana bin iska zuwa wani ɓangare.

Na huɗu gas mai kamawa da wuta. A sokawe metan ne, wanda bai kai iska nauyi ba, don haka yana taruwa a sama, dab da murfi. Idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. A tankar mai tururin fetur ne, shi kuma a ƙasa yake kwanciya. Masu zuba kalanzir ko fetur a masai don kashe wari, ku daina. Kuna ƙara wa ramin abin fashewa ne.

Bayan iska akwai rushewar bango, musamman da damina a ƙasa mai yashi, da ruwan da zai kwararo bagatatan, da lantarki, da guga ko bulo da zai faɗo daga sama, da zafi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin tankin ƙarfe da ke saman bene.

Tambayar farko: dole ne a shiga?

Aiki da yawa ana yinsa daga sama. Guga ya faɗa rijiya, akwai ƙugiya. Sokawe ya cika, akwai motar zuƙa. Waya ta faɗa masai, a yi haƙuri da ita. Mutane sun rasa rayukansu a kan waya, kuma babu wadda ta kai kuɗin ɗan Adam. Akuya ko rago ya faɗa rijiya, a kira ma'aikatan kashe gobara. Tanki ana iya wanke shi da dogon buroshi da tiyo mai ƙarfi ta bakin murfi. Sai an rasa kowace hanya sannan a yi maganar sauka.

Idan sauka ta zama dole, sai in zauna da mai gidan in yi masa tambayoyi. Yaushe rabon da a buɗe wurin? Me aka taɓa zubawa a ciki? Akwai bututun da ke shiga daga wani gida? An zuba asid ko maganin wanke banɗaki kwanan nan? An yi fenti ko an shafa kwalta a ciki? Masai nawa ne kusa da rijiyar? Amsoshin nan suna gaya mini abin da zan tarar tun kafin in ɗaga murfi.

Daga nan sai a raba ramin da duk abin da zai iya shigo masa. A rufe bawul, a toshe bututun da ke kawo ƙazanta, a gaya wa mutanen gida kada kowa ya shiga banɗaki ko ya zubar da ruwan wanki har a gama. Wuta kuwa, kada ka ce ai an ɗauke. Ana iya kawo ta kana tsaye cikin ruwa da waya a gefenka. A kashe makunnin, a cire fis, a sa wa akwatin kwaɗo, mabuɗin ya shiga aljihun wanda zai sauka. Shi kaɗai zai buɗe idan ya fito.

Auna iska

Na'urar da muke amfani da ita ba ta fi tafin hannu ba, tana auna abu huɗu a lokaci guda: oksijin, gas mai kamawa da wuta, H2S da CO. Tana da tsada ga mutum ɗaya. Ga ƙungiyar masu yasar rijiya ko masu kwasar masai ta unguwa guda, idan aka yi karo-karo, ba ta fi ƙarfinsu ba, kuma ina ganin ita ce abu na farko da ya kamata kuɗin ƙungiya ya saya, kafin kujeru da rumfa.

Ka kunna ta a sarari, nesa da bakin ramin da janareta. Ta nuna maka 20.9 a oksijin, sauran uku sifiri. Idan ba ta nuna haka ba, kada ka yarda da ita. Na'urar tana tsufa. Ƙwayoyin da ke jin gas ɗin suna mutuwa, galibi bayan shekara biyu ko uku, kuma wadda ta mutu sifiri za ta yi ta nuna maka ko da ramin cike yake da guba. Don haka ake gwada ta da ɗan kwalbar gas na gwaji kafin aiki, a tabbatar tana kuka, a kuma riƙa kai ta ana daidaita ta kamar yadda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara.

Ka ɗaga murfi kana tsaye ta inda iska ke fitowa, ta bugi bayanka, fuskarka ba ta kan ramin. Babu sigari, babu ashana a kusa. Sai ka ɗaura na'urar a igiya, ko ka zura tiyonta idan mai famfo ce, ka fara daga sama. Ka auna bakin, ka sauke kamar mita ɗaya, ka dakata minti ɗaya ko biyu, ka sake saukewa, haka har ƙasa, dab da ruwa amma kada ta taɓa shi. Dalilin bin mataki-mataki shi ne kowane gas da inda yake zama: metan a sama, CO a ko'ina, H2S da kabon dayoksaid a ƙasa. Wanda ya auna baki kaɗai bai auna komai ba.

Oksijin ake fara dubawa, sannan mai kamawa da wuta, sannan guba. An jera su haka ne saboda ƙwayar da ke jin gas mai wuta tana buƙatar oksijin kafin ta yi aiki daidai. Idan ya yi ƙasa za ta yi maka ƙarya. Oksijin ya kasance tsakanin 19.5 da 23.5. Inda aka rubuta LEL, wato ma'aunin gas mai kamawa da wuta, ya kasance ƙasa da 10. Yawancin na'urori an saita su su yi kuka a ppm 10 na H2S da ppm 35 na CO. Ni dai ko 20.4 na gani a oksijin, duk da bai sauka ƙasa da ƙa'ida ba, sai na tsaya na tambayi kaina abin da ya ture sauran, don wani abu ne ya maye gurbinsa.

Gwajin farko ba ya ƙarewa a nan. Na'urar tana sauka tare da ma'aikaci, a maƙale a ƙirjinsa kusa da hanci, a kunne har ya fito. An fita cin abinci ko salla an dawo, a sake aunawa daga farko.

Na san tambayar da za a yi: wanda ba shi da na'ura fa? Iyayenmu fitila suke zurawa, idan ta mutu su fasa, wasu su zura kaza. Ba su yi wauta ba, sun yi da abin da suke da shi. Amma fitila ƙarancin oksijin kaɗai take nunawa, shi ma sai ya yi ƙasa sosai. Za ta ci gaba da ci lafiya lau a cikin H2S ko CO da ya isa ya kashe mutum, a sokawe mai metan kuwa ita ce za ta tayar da wutar. Kaza kuma tana gaya maka halin da ake ciki ne kafin a motsa laka. Saboda haka sokawe, masai, kwalbati da tankar mai, idan babu na'ura, ba a shiga. Wannan ba ni da sassauci a kai.

Hura iska

Barin murfi a buɗe kwana ɗaya ba ya fitar da gas mai nauyi, yana nan kwance a ƙasa kamar ruwa a kwano. Kaɗa reshen bishiya ko buhu a ciki ma bai isa ba. Ana buƙatar injin hura iska mai dogon bututu, bakin bututun ya sauka har kusa da ƙasa, ya tura sabuwar iska can, tsohuwar ta fito ta sama. Injin ya zauna inda iskar da yake zuƙa mai tsabta ce. Na sha ganin an ajiye shi kusa da salansar janareta, yana ɗura hayaƙi cikin ramin.

Ga yadda nake lissafi. Rijiya mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 15 tana ɗauke da iska kusan kubik mita 17. Idan an rubuta a jikin injin yana tura kubik mita 20 a minti, na ɗauki rabi, don dogon bututu da lanƙwasa suna rage masa ƙarfi. Ke nan kusan minti biyu kafin ya sauya iskar rijiyar sau ɗaya. Nakan bar shi ya sauya ta aƙalla sau goma, wato minti 20, sannan in sake aunawa. Na'ura ce ke yanke hukunci, ba agogo ba. Kuma injin ba ya tsayawa muddin akwai mutum a ciki. Idan janareta ya mutu, aiki ya tsaya, mutum ya fito.

Masu walda, ku ji wannan da kyau: kada a taɓa buɗe tukunyar oksijin cikin tanki da sunan ƙara iska. Idan oksijin ya yi yawa, riga da gashi da ɗan maiƙon da ke hannu suna kamawa da wuta mai tsanani daga tartsatsi guda. Tukwanen gas su tsaya a waje, tiyo da kan walda a fito da su duk lokacin da aka tafi hutu. Tankar da ta taɓa ɗaukar fetur kuma ba a kai mata wuta don an wanke ta da omo. Sai an wanke, an hura, na'ura ta tabbatar babu sauran tururi a kowane ɗaki nata.

Takunkumin hanci na ƙura, da tsumma jiƙaƙƙe, da abin rufe fuska mai gwangwani, babu wanda ke ba da oksijin a cikinsu. Wanda ke ba da iska shi ne mai tukunya a baya irin na 'yan kwana-kwana, ko mai tiyo da ke kawo iska daga waje, kuma sai wanda aka horar yake sa su.

Igiya da ɗamara

Wanda zai sauka yana sa ɗamarar jiki gaba ɗaya, mai ratsa cinyoyi da kafaɗu, da zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu. A nan ake ɗaura igiyar ceto. Igiya a ƙugu ba ta yi; idan mutum ya suma, jikinsa zai naɗe biyu, ya tokare a bakin murfi, ko ya zame ya koma. Igiyar ceto daban, ta guga daban, kuma ba a kwance ta ceto ko da daƙiƙa ɗaya, ko da ta dame shi wajen aiki. A saman ramin a kafa ƙarfe mai ƙafa uku da abin naɗe igiya na hannu. Inda babu, a sa gungumen da aka tabbatar da ƙarfinsa da fuli, wato wilin da igiya ke bi ta kansa, da ƙarti aƙalla uku da ba su da wani aiki sai jiran ja. Hular kwano dole ce. Fitila ta kasance mai batir wadda aka yi don wurin gas. Ba a zura ƙwan lantarki na gida da waya tsirara. A kwashe bulo, shebur da duk tarkace daga bakin ramin, a kori yara 'yan kallo.

Ba na saukar da mai asma, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya kwana da zazzaɓi, ko wanda na ga alamar ya sha wani abu don ya ji ƙarfi. Da azumi, aikin rami da sassafe muke yinsa, kafin rana ta ɗaga. A tanki mai zafi kuma ana karɓa-karɓa, kowa ya yi ɗan lokaci ya fito ya sha iska.

Mai tsaron baki

Nan ne zuciyar horon gaba ɗaya, kuma nan na fi daɗewa da yara. A 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Duk mai sauraron rahotannin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano a rediyo ya san haka abin yake a nan: ɗa ya faɗi a ciki, uba ya bi shi, maƙwabci ya bi uban. Ba rashin hankali ne ke sa su sauka ba, ƙauna ce da zumunci. Mutum yana ganin ƙaninsa kwance a ƙasa, jiki ne ke tafiya kafin tunani. Amma iskar da ta kayar da na farko tana nan, kuma wanda ya sauka a guje yana haki ya fi saurin shaƙarta. Riƙe numfashi ba ya kai mutum ƙasa ya ɗauko wani ya hauro.

Don haka ake ware mutum ɗaya, babba mai natsuwa, ba ƙaramin yaron da aka raina ba. Ba ya jan guga, ba a aikensa sayen ruwa, ba ya duba waya. Idonsa na kan na ƙasa, yana yi masa magana a kai a kai: “Sani, kana ji na?” Shi kuma ya amsa da cikakkiyar magana. Idan amsa ta fara jinkiri, ko harshe ya yi nauyi, ko ya ce kansa na ciwo, idonsa na yaji, ko ya fara dariya ba dalili, ba a tambayarsa ko zai iya ci gaba. A ce, “Fito!” Kalmar nan idan ta fito daga bakin mai tsaro, ko ni ne a ƙasa sai na bi, ba gardama. Inda hayaniya ta yi yawa a yi yarjejeniya da jan igiya tun a sama, kowa ya maimaita a gaban kowa.

Idan na ƙasa ya faɗi, mai tsaro ya yi ihu, ya sa a fara jan igiya, ya tura mutum takamaimai da sunansa ya kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112, ya tabbatar injin iska na aiki. Sannan ya yi aiki mafi wuya: ya tare bakin ramin da jikinsa, ya hana kowa sauka, ko mahaifin yaron ne. Za a zage shi, za a ce ba shi da imani. Ya jure. Lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuta ta a takarda tun kafin a fara, a kuma san asibitin da za a nufa da abin hawan da zai kai. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan babu oksijin, ba motar da za ta ratso cunkoson Kano a wannan lokaci. Igiyar da aka ɗaura tun farko ita ce ceton.

Da an fito da shi, a kai shi sarari, a cire kayan da suka ɓaci. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. Idan ba ya yi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya haɗa da hura numfashi biyu bayan kowane danni 30. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko ruwa, huhu za su tafi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a gaya wa likita irin ramin da ya shiga, saboda gas ɗin masai yana iya tara ruwa a huhu bayan sa'o'i.

Yadda nake gwada su

Magana kaɗai ba ta zama a jiki. Nakan cika buhu da yashi ya kai nauyin mutum, kilo 70, wato ya ɗara buhun siminti da kilo 20, in sa masa ɗamara in zura shi a busasshen rami marar zurfi da muka auna. Sai in ce su fito da shi, ina riƙe da agogo. A karon farko kowa yana mamakin yadda mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi ko taƙi ɗaya, da yadda yake maƙalewa a baki. Daga nan ba wanda ke sake yi mini musu a kan ƙarfe mai ƙafa uku.

Sannan in sa wani ya yi kamar ɗan'uwan wanda ya faɗi, ya zo da gudu yana kuka zai faɗa ramin, in ga ko mai tsaro zai iya riƙe shi. Muna maimaitawa har ya zama hannunsa igiya yake nema, ba tsani ba. Kowane yaro yana yin kowane matsayi: ya auna, ya sauka, ya yi tsaro, ya danna ƙirji a jikin buhu. Muna sabunta wannan kafin damina, da duk lokacin da sabon mutum ya shigo cikinmu.

A manyan kamfanoni ba a shiga irin wannan wuri sai da takardar izini mai sa hannu. Amurka ta kafa dokarta a kan haka a 1993, Birtaniya a 1997, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ma ta yi tanadi a kan shiga wurin da ake tsoron hayaƙi mai guba. Mu ƙananan masu aiki littafin makaranta mai ganye 40 ya ishe mu. A rubuta kwanan wata da wuri, sunan mai sauka, sunan mai tsaro, abin da na'ura ta nuna a sama, tsakiya da ƙasa tare da lokaci, abin da aka kashe ko aka toshe, da lambar da za a kira. Amfanin rubutun shi ne yana tilasta maka ka tsaya ka duba. Gurbin da ya rage babu komai yana nuna abin da aka manta.

Alhaji mai gida, kai ma da naka. Idan ma'aikata suka zo su biyu da igiya ɗaya da bokiti za su shiga sokawenka, kada ka ce ai sana'arsu ce, sun saba. Tambaye su wa zai tsaya a baki, da me za su auna iska, da me za su fito da mutum idan ya faɗi. Wanda ya zo da na'ura da injin iska da mutum huɗu dole kuɗinsa ya fi, kuma zai ɗauki lokaci kafin ya fara. Kada ka tsaya a kansa kana cewa a yi sauri. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne rai na hannun Allah, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Idan an gama, mai tsaro ya ƙirga mutane da kayan aiki, ya tabbatar babu abin da ya rage da zai sa wani ya koma. Wanda ya sauka ya buɗe kwaɗonsa da kansa. Wanda ya shiga masai ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, duk wani yanka a wanke shi a nuna a asibiti saboda tetanus. A mayar da murfi ya zauna daram, mai nauyin da yaro ba zai iya turewa ba. Idan ya tsage ko ya ruɓe, a gaya wa mai gida a canza shi a ranar, kafin a kwashe kaya a bar gidan.